Ranar da Gide Ya Sa wa Turbo Azumi

A Ƙanƙara, in ka bi layin masu faci ka wuce mai tsire, akwai wata rumfa da aka rubuta wa "Injiniya Gide" da baƙin mai. Shi ya rubuta da hannunshi, don babu mai kiran shi haka sai shi. Gyaran babur yake yi, kuma tsakani da Allah in ya tsaya ga babur yana taɓukawa. Ciwon Gide shi ne ba ya tsayawa. Duk abin da ke juyawa, daga janareta har keken ɗinki, gani yake wanda ya ƙera shi bai gama ba, shi aka bar wa sauran aikin.

Matarshi Bilki ta tafi wankan gida garinsu Sabuwa, ta haifi ɗiya mace ana ce mata Ummi. Arba'in ta zo ta wuce, shiru ba a maido ta ba. Surukinshi Malam Rabo bai manta da injin ban-ruwanshi ba, wanda Gide ya ƙara wa ƙarfi ranar suna ba tare da an sa shi ba, injin ya yi ta tari har albasa ta bushe a fadama. Malam Rabo ya ce mutumin da ba ya iya ganin abu lafiyayye ya ƙyale shi, ba a gaggawar damƙa mashi jinjira.

Da aka yi ta kai da kawo, sai aka tsaya a kan magana ɗaya. Gide ya zo da mota ta mutunci ya ɗauke su, Hajiya Goggo kakar Bilki za ta rako su. In ya kai su Ƙanƙara lafiya kafin rana ta yi sanyi, don hanyar nan kowa ya san ba a bin ta da yamma, to ga matarshi ga ɗiyarshi. In kau ya ajiye su a hanya, Goggo ta juyo da su, sai an gama girbin masara a sake magana. Gide ya ce ya ji. Bawan Allah ya gaji da shinkafar bakin tasha, kuma tun ranar suna bai sake ɗora ido kan yarinyar nan ba. Da gaske yake son su dawo, wannan kam babu wasa a ciki.

Mota kuwa sai ta Uwais, ɗan kawunshi, abokin wasanshi, dillalin masara. Sabuwar 'yar Kwatano ce mai turbo, ko ledar kujera bai gama ɓarewa ba. Uwais ya cika mata tanki, ya ce gudummawarshi ke nan ga mai jego. Da zai miƙa makulli sai ya riƙe bai saki ba.

"Abu ɗaya nake roƙon ka, don girman Allah. Kada ka buɗe bonet."

Gide ya ɓata rai, ya ce shi da injuna suke gaishe shi in ya wuce, me zai gani a cikin bonet da bai taɓa gani ba. Uwais ya ce shi dai ya roƙa. Ya hau babur ya tafi harkarshi. Bai sha kwanar mai tsire ba bonet yana sama.

Shi turbo ɗin nan ba wani tsafi ba ne, zugazugin maƙeri ne aka sa wa mota. Hayaƙin da ke fita yana juya wata 'yar fanka, fankar ta danna iska cikin inji da ƙarfi. In iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru daidai da ita, kamar ruwa da gari a tukunyar tuwo, kuma motar tana da ƙwaƙwalwarta da ke auna mata wannan. In aka hana ta mai aka ƙara mata iska, cikin injin sai ya ɗauki zafin da ƙarfe ba ya jurewa. Gide ya san zancen iskar. Ranar da ake faɗin sauran, shi ke magana.

Kafin hantsi ya tara 'yan layi a bakin rumfa yana yi masu karatu. Ya ce su duba yadda fetur ya zama kamar turare, sai mai hali. Iska fa, wa aka taɓa kamawa don bai biya kuɗinta ba? Turawa sun yi wa motar nan huhu irin na doki, sannan suka bar ta tana shan mai kamar raƙumi. Babur ma da yake babur yana da famfon mai, a buɗe a rufe, amma a ce mota guda babu famfo, wannan ai sakaci ne. Shi zai sa mata. Zai kai Sabuwa ya dawo a kan iska, ya maida wa Uwais tankinshi yadda ya ba shi. Daga ranar direbobi za su yi layi tun daga Funtua, har daga Katsina sai an aiko a ɗauke shi.

Tanimu mai faci, maƙwabcin rumfarshi, ya ce to shi ma ya gwada karin kumallo da iska mana, a ga ko zai kai azahar.

"Jahilci ke damun ka, Tanimu. Ni ina da turbo ne?"

Tanimu ya ce ai kau bakin nan nashi ya fi kowane turbo hura iska. Aka yi dariya, Gide ya ce su yi ta yi, haka aka yi wa wanda ya ƙera jirgin sama.

Ya yanke bututun mai, ya jona tiyo, ya huda ƙasan mota ya shigo da shi har gaban kujerar direba. Nan ya ɗaura famfon wani tsohon babur, daidai tsakanin gwiwoyinshi, ya naɗe da robar taya. Sai ya ga wata 'yar sanda a jikin turbo da ke buɗe ƙofa tana rage iska in ta yi yawa. Ya ce a'a, ga ɓarauniyar, ita ke zubar da kayan kyauta. Ya ɗaure ta tamau da waya.

Ya tada mota, ya fara murɗa famfo a hankali har ya kusa rufewa. Inji bai mutu ba, don motar da ke tsaye ɗan kaɗan take sha, kamar mai barci. 'Yan layi suka matso suna leƙe. Wani ɗan acaba ya ce wallahi mutumin nan akwai kai. Ana cikin haka wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Tanimu ya nuna mashi. Gide ya ce ƙorafi ne, duk wanda aka rage wa abinci sai ya yi ƙorafi, ya yanko baƙin salatif ya liƙe mata baki.

Ya shiga gida ya ɗauko farar shaddarshi ta sallah, ya kafa hula, ya kama hanya.

Tafiya ta yi daɗi-daɗi, tunda mota ba kaya. In ya taka totur ta yi kamar za ta shiɗe, sai ya ɗan buɗe mata, in ta farfaɗo ya rufe. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙasa. Abin da bai sani ba, famfon babur an yi shi ne don man da ke gangarowa da kanshi, ba don wanda ake turowa da ƙarfi ba. Tun kafin ya fita ƙasar Faskari ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, a kan farar shadda.

A Sabuwa ya sami Malam Rabo a ƙofar gida da dattawan unguwa. Ya fito da sauri ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Rabo ya amsa gaisuwa, ya dubi wandon surukinshi, ya kau da kai ya dubi bishiya. Can ya ce a hankali akwai buta a bayan zaure in ana bukata. Dattawa kowa ya shiga jan carbi.

Hajiya Goggo ce ta leƙo daga zaure, ita kuwa ba ta da wannan kunyar, don mijin jikarta abokin wasanta ne.

"Angon nawa, tsoron hanya ne har haka?"

"Fetur ne, Hajiya."

"To ai gara na farkon. Shi ba ya kama wuta."

Ta sa aka ce wa wata mai gasa masara kusa da motar ta matsa da kaskonta. Gide ya so ya yi wa dattawa bayanin iska, Malam Rabo ya ce rana tana yi, a fito da gara.

Gara kuwa an yi ta ta kece raini. Buhun shinkafa, buhun masara, jarkar man gyaɗa, daddawa da kuka, ga fanteka cike da nakiya da alkaki, ga 'yar akuya da kawun Bilki ya ba Ummi. Aka danna but har ya ƙi rufuwa, aka ɗaure da igiya. Akuya ta ƙi but, aka sa ta a baya wajen ƙafafun Bilki. Motar ta zauna ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Goggo ta shige gaba ta ɗora fantekar nakiya a cinya, ta ce a sauke gilasai duka, warin nan zai hana jinjira numfashi.

Bilki ta san mijinta. Da ta zauna ta leƙo ta ga tiyo da roba, sai ta yi ƙasa da murya.

"Baban Ummi, ka taɓa motar nan?"

"Gyara ta na yi."

Ta gyara wa yarinya hula, ta fara karanta duk addu'ar da ta iya.

Da kaya ya hau, sai mota ta fara nuna halinta. Gide ya taka, turbo ya yi fito, mota ta zabura ta tsaya, ta zabura ta tsaya, kan Goggo yana gaisuwa da gilashi. Cikin inji wani abu ya fara ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Goggo ta tambaya ko shi ma gara ce aka zuba a ciki. Gide ya ce iska ce ke narkewa, haka take yi in ta sami wuri. Ta yi ta kallon hannunshi da ke ta kai da kawo tsakanin gwiwoyi, har ta gaji.

"Wai me kake sosawa tun ɗazu? In ƙaiƙayi ne a tsaya a nemo maka magani."

Dole ya yi mata bayani. Ya faɗi tsadar mai, ya faɗi arhar iska, ya faɗi layin direbobi. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta tofar da goro ta taga, ta ce ita ba ta yi boko ba amma ta yi kiwo, kuma ba ta taɓa ganin jakin da aka ƙara wa kaya aka rage wa dusa ya gode ba. Gide ya ce jaki daban, kimiyya daban. Ta ce to Allah ya sa kimiyya ta san hanyar Ƙanƙara.

A wani ƙauye suka tsaya don wari ya sauya, ya koma na ƙauri. Gide ya buɗe bonet, ga ƙarfen da ke jikin turbo ya yi ja kamar garwashi. Goggo ta ce da ta sani da ta taho da ɗanyar masara. Gide ya ce wannan alamar lafiya ce, jini ne ke gudu. Ya ƙara naɗa roba a famfo, ya rufe bonet da gwiwar hannu don ya yi zafi, suka ci gaba. Mai keke ya wuce su. Wata mata da itace a ka ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da su har ta gaishe da Goggo, ta tambayi mai jego ya ruwan zafi, ta yi wa jinjira addu'a, sannan ta ce bari ta yi gaba tana sauri.

Duk wannan Gide ya shanye. Abin da bai shanye ba shi ne wata tsohuwar motar kaya, roka, cike da buhunan masara da ta biyo su a hawan da ke kafin Sheme, tana nishi tana hayaƙi, ta zo ta gefensu. Direban ya leƙo ya dubi sabuwar mota, ya dubi Gide.

"Alhaji, a turo ka ne?"

Masu zaune kan buhuna suka kwashe da dariya. Goggo ta ce ya buɗe wa baiwar Allah ta sha, kowa ya huta. Bilki ta ce don Allah ya bar su su wuce, ba tsere aka zo ba. Gide ya ce yau za su ga abin da iska ke yi. Ya murɗe famfo saura ƙiris, ya danna totur har ƙasa.

Fiton turbo ya tashi kamar ana yanka shi. Abin mamaki, motar ta yi wani tsalle kamar jakin da aka tsikara, ta kamo roka, ta wuce ta. Gide ya fiddo hannu ta taga yana yi masu sai an jima. Hannun yana waje aka ji daram. Mota ta girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe baya, akuya ta haye cinyar Bilki, Ummi ta tsala kuka. Gide ya kai hannu ya buɗe famfo da ƙarfi, kan famfon ya taho a hannunshi, fetur ya yi tsartuwa ya wanke fantekar nakiya da gefen mayafin Goggo. Inji ya yi shiru. Roka ta zo ta wuce a hankali, direban ya danna hon sau ɗaya kawai, irin na ta'aziyya.

Allah ya taƙaita, wuta ba ta tashi ba. Suna tsaye a bakin hanya sai ga wani manomi, Ɗanlahadi, ya taso daga gona da shanun huɗarshi. Ya ga jinjira a rana, ya ce ba zai wuce ba. Ya ɗaura igiya, bijimai biyu suka ja sabuwar 'yar Kwatano suka nufi Sheme da ita.

Kowa ya san bakin titin Sheme ba ya rabuwa da mutane. Masu rake, masu awo, direbobi, masu shayi, duk suka miƙe. Gide yana riƙe da sitiyari yana ɗaga masu hannu, yana cewa gwaji ne, kashi na biyu ke nan. Da ma ya tsaya nan. Amma yana zaune yana kallon bijiman nan suna tafiya suna fizgar ciyawar gefen hanya, sai abin ya motsa mashi. Ya leƙo ya ce wa Ɗanlahadi shanun nan suna ci da yawa. Ya dubi faɗin hancinsu kuwa? Da za a ɗaure masu baki da takunkumi mai ɗan famfo, a bar hancin a buɗe, rabin harawa ya ishe su. Shi zai iya haɗa mashi.

Ɗanlahadi ya tsaida shanu. Ya kwance igiyarshi ya naɗe, ya yi wa Goggo sallama, ya ce Allah ya raya yarinya, ya kaɗa bijimanshi da sauri yana waiwaye. Ya bar motar a tsakiyar mutane, daidai gaban teburin wani tsoho mai shayi.

Cikin masu awon masara a wurin har da Uwais. Ya taho da mudu a hannu yana kallon motar kamar mai son a ce mashi ba ita ba ce. Ya buɗe bonet ya ga waya, ya leƙa ciki ya ga tiyo, ya ɓare salatif. Sai ya nemi buhu ya zauna.

"Gide, me na roƙe ka?"

"Ai taimakon ka na yi. Ka san abin da motar nan ke sha kuwa?"

"Ta sha. Nata ne. Ni na saya mata."

Direbobi suka kewaye injin kowa na faɗin tashi. Wani ya kwance filogi ya ɗaga, bakinshi ya narke kamar alewa. Wani ya ce fistin ya huje, wani ya ce a yi wa injin salla kawai. Gide ya bi su ɗaya ɗaya yana cewa laifin robar ne, robar yanzu ba ta da kyau. Uwais ya ce in ba don Goggo na wurin ba, da yau wasan taubasai ya ƙare a ofishin 'yan sanda.

Goggo kam ba ta shiga zancen inji ba. Ta dubi rana, ta ga ta fara karkata, ta tsaida wata bas mai komawa wajen Sabuwa, ta ce a juye kaya. Nan idon Gide ya raina fata. Ya bar direbobi ya zo ya durƙusa gabanta, ya ce Hajiya a duba, an ci fiye da rabin hanya, abin da ya rage ba yawa. Zai nemo babur ya kai su da kanshi, zai nemo wata motar, zai goya su in ta kama.

Goggo ta dube shi, kuma ba da mugunta ba. Ta ce ta san yana son iyalinshi, ba ta taɓa shakkar wannan ba. Amma magana aka yi a gaban dattawa, kuma da wuta ta tashi ɗazu da ba wannan zancen ake ba. Ta sa mai shayi ya zuba mashi ruwa da sabulu ya wanke hannu har gwiwa, ta karɓi Ummi ta ɗora mashi. Gide ya riƙe ɗiyarshi yana kallon ta, bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu. Yarinya ta buɗe ido ta dube shi, ta shaƙi rigarshi, ta yi atishawa. Goggo ta ce to ita ma ta faɗi nata, a kawo ta.

Aka kwashe shinkafa, aka kwashe masara da man gyaɗa, aka ɗaga akuya. Nakiya kawai aka bar mashi, don ko kuda ya ƙi ta. Bilki ta shiga bas ta zauna bakin taga, idonta ya cika, amma dariya na neman ƙwace mata. Ta yafito shi ya matso.

"In an gama girbi ka zo a motar haya, Baban Ummi. Kuma don Allah kada ka zauna kusa da direba."

Bas ta tashi. Gide ya tsaya yana kallon ta har ta ɓace. Abin ya ba mutane tausayi, har Uwais ya sunkuyar da kai.

Sai Gide ya juyo kamar an tsikare shi. Ya faɗa cikin mota ya murɗa makulli. Tiyo ya sake fesa mashi fetur a ƙirji, bai ko kula ba. Ya nuna allurar mai da yatsa yana kiran mutane su matso su gani da idonsu.

"Jama'a, ku shaida. Daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa, daga Sabuwa zuwa nan. Ku dubi tankin nan, ko kwata bai taɓu ba."

Tsoho mai shayi ya taso a hankali, ya leƙa ya duba da kyau, ya gyaɗa kai.

"Mun shaida, Injiniya. Sai ka tahi da shi gida ya tuƙa maka tuwo."